Takardar Zuciyar Yaya Ilu

Na daɗe ina jin maganar nan tana yawo a cikin dangi, ban ce uffan ba. Ana yin ta a bayan idona, in na shigo a sauya zance a ce sannu da zuwa Goggo. Amma a taron sunan da aka yi a gidanmu na gado watan jiya, da kunnena na ji jikar Yaya Ilu, yarinyar da ko cikinta ba a yi ba lokacin da abin ya faru, tana nuna ni da baki tana ce wa ƙawarta, "Waccan ce ta ƙwace wa kakanmu magani ya mutu." To, tunda abin ya zama gado har ana miƙa wa jikoki, ni ma zan bar nawa. Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya, ku karanta wannan har ƙarshe kafin wani ya sake buɗe baki a kaina.

Na ƙwace maganin, wannan gaskiya ne, kuma da za a mayar da ni ranar, da na sake ƙwacewa. Ina da laifi a mutuwar yayana, sai dai ba wanda kuke ɗora mini ba ne. Nawa daban yake, kuma babu wanda ya san shi sai ni.

Yaya Ilu uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya girme ni da shekara tara. Dillalin shanu ne, yana zaune a ƙauyenmu da ke kan hanyar Mai'adua, kuma a karar Mai'adua babu wanda bai san muryarsa ba. Ko alif na boko bai sani ba, amma shi ya tsaya tsayin daka na yi karatun jinya lokacin da baffanninmu suka ce ɓata lokaci ne. Sansa guda ya sayar ya kai ni makarantar da kansa. Tun daga nan ya daina kiran sunana, sai dai Likitan Gida, rabi tsokana rabi alfahari. In na je ƙauye sai ya miƙo hannu ya ce in duba in gaya masa ranar da zai mutu don ya karɓi la'adarsa da wuri.

A daminar shekarar da ya rasu ya fara faɗuwa. Yana tsaka da magana sai ya yi shiru, idonsa ya ƙafe, ya zube kamar an sare shi, ƙafarsa ta ɗan motsa. Kafin a kawo ruwa ya farka, yana tambayar me ya tara jama'a. Sau uku ya faɗi cikin sati shida kafin a gaya mini, ni da nake aikin asibiti a nan Daura, tafiyar da ba ta kai rabin awa a babur ba. Matarsa Gambo ta ce iska ce, ta yi ta turare. Maƙwabta suka fara raɗa sunan farfaɗiya, kun kuwa san abin da sunan nan yake yi wa gida a wajenmu: a daina cin tuwo kwano ɗaya da mutum, a fara duban 'ya'yansa da wani ido. Shi ya sa aka ɓoye. Har yau in na tuna sati shidan nan da aka ɓata ana turare da ɓoyo, raina ɓaci yake yi.

A asibitin da nake, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ni ce mai kula da injin awon zuciya, wanda ake ce wa i-si-ji. A liƙa wa mutum wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, injin ya fitar da takarda mai zane. Wata tsohuwar likita da na yi aiki a ƙarƙashinta a birni tun ina sabuwar jinya ce ta koya mini karanta zanen, kuma da duka a bayan hannu ta koya mini. Abin ba wuya in an nutsu. Zuciya tana da ɗakunan sama da na ƙasa. Na sama su ke kira, na ƙasa su amsa su tura jini. A takarda, kiran yakan fito ɗan ƙaramin tudu, amsar ta biyo bayansa dogon tsini. Tudu, tsini, tudu, tsini, kamar mata biyu masu lugude a turmi guda. In hanyar da ke tsakaninsu ta yanke gaba ɗaya, na sama su yi ta kira ba mai ji, na ƙasa kuma su kama nasu bugun a hankali, don kawai kar rai ya fita. Wani lokaci su ɗan tsaya cak, a nan ne mutum yake faɗuwa. In tsayuwar ta yi tsawo, shi ke nan.

Ranar da aka kawo shi, da hantsi, da ƙafarsa ya shigo yana dariya, goshinsa da ƙulu inda ya bugi turke. Na kama jijiyar hannunsa ina duban agogo. Na ƙirga talatin da huɗu a minti guda, na ce ƙarya ne, na sake. Talatin da huɗu. Na kwantar da shi na liƙa wayoyin yana ce mini kar dai in haɗa shi da wutar nepa. Injin ya fitar da guntuwar takardarsa da ya saba, ya buga hukuncinsa da Turanci a sama, wai bugu ne a hankali amma a kan tsari. Ban kula shi ba. Na danna ya yi ta zubo doguwar takarda har ta kusa kamu uku, duk da ana mana faɗa kan ɓarnar takarda. Na shimfiɗa ta a tebur, na yagi gefen wani kwali, na ɗiga alama a kan tudu uku a jere, na riƙa jan kwalin gaba. Duk inda alamar ta sauka akwai tudu, wani a fili, wani ya ɓuya a cikin tsini, wani ya hau kan gangaren da ke bayansa ya ɗan karkata shi. Tuddan suna tafiyarsu da sauri, tsinayen suna tasu a hankali, ba ruwan wani da wani. Na san abin da nake kallo.

Na kwasa na kai wa likitan da ke duba marasa lafiya ranar. Ba yaro ba ne, kuma ba zan ce bai san aiki ba, amma mutum ne da ba ya son a rigaye shi gani. Ya karɓi guntuwar takardar, ya karanta layin da injin ya buga, ya ajiye. Doguwar ko buɗe ta bai yi ba.

"Sista, injin ya riga ya faɗa. Mutanen karkara masu aikin ƙarfi haka zuciyarsu take, ba ta gaggawa. Farfaɗiya ce."

"Yallaɓai, don Allah ka dubi doguwar. Sama da ƙasa sun rabu. Ga kwalin nan, ka ja da hannunka ka gani."

"Kwali?" Ya dubi ɗaliban da ke tsaye a bayansa. "Kun ji, kwali ya fi injin da aka sayo daga waje."

Suka yi dariya, ba don abin ya ba su dariya ba, sai don shi ya yi. Na ce masa yayana yana shan wani maganin hawan jini da aka rubuta masa bara, irin wanda ke rage wa zuciya gudu, a tsayar da shi, a rubuta mana takardar zuwa babban asibitin birni, inda ake dasa wa mutum ɗan batir a ƙirji ya riƙa tayar da bugun.

"Don ɗan'uwanki ne shi ya sa kika ruɗe," in ji shi. "Ki bar likita ya yi likitanci, ke ki yi jinya."

Ya rubuta a ci gaba da na hawan jinin, ya ƙara da na farfaɗiya, ya kira na gaba. Minti biyu zai ɗauke shi ya ja kwalin nan. Na yi shekaru ina ƙoƙarin yafe masa minti biyun, har na je Makka na roƙi Allah Ya cire mini shi daga rai, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, bai fita ba. Ya yi ritaya da mutuncinsa, ana gaishe shi a masallaci, ni kuma jikoki suna nuna ni da baki.

A bakin ƙofar asibitin na sa hannu a aljihun Yaya na zare kwalin maganin hawan jinin, na karɓe sabuwar takardar maganin daga hannun Gambo, na jefa su a jakata. A gaban masu babur da masu sayar da ayaba aka yi, shi ya sa labarin ya riga mu isa ƙauye. Wannan ita ce ƙwacen da ake faɗa.

"Goggon yara, likita fa ya rubuta," in ji Gambo.

"Ko waye ya rubuta, in ya ƙara shan ƙwaya ɗaya, ki shirya takaba."

Haka na faɗa mata, gatsal. Bakina bai taɓa iya lallashi ba, ku shaida ne. Muka yanke za mu tafi birni da kanmu ba tare da takardar kowa ba, bayan kwana biyar, in na sami hutu shi kuma ya sallami shanun mutane da ke hannunsa. A rana ta huɗu na sa aka kawo shi na sake aunawa a ɓoye. Da maganin ya fita daga jikinsa, bugun ya hau sittin da wani abu, tudu da tsini sun koma suna bin juna, ko da yake amsar tana ɗan jinkiri. Na ji daɗi, na kuma ji tsoro, domin ciwon irin mai zuwa ya koma ne, kuma yanzu ba shi da wata shaida a duniya sai doguwar takardar nan ta ranar farko.

Ranar ce ya roƙe ni ita. Ya ce yana so ya nuna wa Gambo da maƙwabta da idonsu cewa ciwonsa a zuciya yake, ba iska ba, ba kuma wancan sunan ba. Na ga yadda abin yake cin sa, mutumin da ake rububin cin tuwo da shi yanzu ana zuba masa nasa daban. Na yi niyyar yin fotokofi, babu wuta, na ce sai gobe a tasha. Wayoyin hannu na lokacin kuwa ba sa ɗaukar hoton kirki. Na naɗe ta na ba shi. Hadari ya haɗo ta gabas, ga shi a babur zai koma.

"Yaya, kar ruwa ya taɓa ta. Kar ta yage, kar yara su taɓa. Ranka ne a cikin takardar nan."

"An gama, Likitan Gida."

Abin da na faɗa ke nan, ba ragi ba ƙari. Na lissafa ruwa, na lissafa yara. Abu guda da duk mai aiki da injin nan ya sani tun ranar farko, shi na bari: takardar ba tawada ke rubutu a kanta ba, zafi ne. Allurar injin ɗumi take yi ta ƙona zanen. Duk abin da ya ɗumama ta, baƙi za ta yi.

Ku da kanku kun san abin da mutumin ƙasar nan yake yi wa takardar da yake girmamawa. Takardar gona, ta haihuwa, ta gama makaranta, duk a kai shago a yi musu laminetin, a sa su a leda a gasa a inji don kar ruwa ya taɓa su. Satifiket ɗina na jinya ma shi ya kai aka yi masa, ya rataye a zaurensa shekara da shekaru. Da safe muka haɗu a tashar Daura, ya sa sabuwar riga, ya ciro wani abu mai sheƙi daga aljihun gaba. An yanka ta gida uku an jera, an rufe da leda mai kauri. Baƙa ƙirin, tun daga wannan gefe har wancan. Ko tudu ɗaya bai tsira ba.

"Mai shagon ya ce in ta huce za ta washe," in ji shi. "Na sa ta ƙarƙashin randa tun jiya. Ko can suna da injin da zai gani?"

Abin da na yi a tashar nan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na buɗe baki a gaban direbobi da 'yan kamasho da mata masu jiran mota, na ce masa jahili. Na ce jahilci ne zai kashe shi ba ciwo ba. Na ce shanun da yake sayarwa sun fi shi hankali. Mutumin da ya sayar da sansa don in yi karatun da nake zaginsa da shi. Bai ɗaga murya ba. Ya dubi abin da ke hannunsa, ya dube ni.

"Ke kika ce kar ruwa ya taɓa ta, Binta."

Rabon da ya kira sunana tun ina budurwa. Ya mayar da ita aljihu ya shiga mota, muka yi tafiyar nan kafaɗa da kafaɗa har birni.

A birni muka yi layi har azahar. Likitan da muka samu matashi ne mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kansa. Ya auna, takarda ta fito da bugu sittin da biyu. Na karɓi biro na zana masa abin da na gani, tudu a nan, tsini a can. Ya saurare ni har na gama, ya ce da ni da Turanci ya yarda da ni, amma ba zai iya shiga wajen manyansa da zanen biro ya ce a buɗe ƙirjin mutum ba. Da takardar farko tana nan, da yau za a kwantar da Yaya a asibitin. Ya ba mu sati shida mu dawo a ɗaura masa wani ɗan inji da ke kwana a jiki yana ɗaukar bugun, ya kuma ce kar Yaya ya kuskura ya koma kan maganin hawan jinin nan. Da ni kaɗai ya yi duk wannan magana. Da ya juya wajen Yaya, da 'yar Hausarsa ya ce, "Baba, yau zuciya lafiya." Abin da Yaya ya ɗauka ya kai gida ke nan.

Aikina ne in bi shi ƙauye a daren, ko washegari, in zaunar da shi da Gambo in warware musu abin da aka ce da wanda ba a ce ba. Ban je ba. Ina fushi, kuma a ƙarƙashin fushin ina jin kunyar haɗa ido da shi. Na ce bari ya huce, ni ma in huce, ranar Juma'a ta sama na je. Juma'ar ta zo aka riƙe ni a wajen aiki, na ɗaga zuwa ta gaba. A rana ta goma sha biyu, da safe, yana duba gero a gonarsa ta bayan gari, ya faɗi. Wannan karon bai tashi ya tambayi me ya tara jama'a ba.

A kwana na uku na zaman makoki na shiga ɗakin Gambo neman tabarma. A kan taga na ga sabon kwalin maganin hawan jinin nan, an ɓalle ƙwaya takwas. Ciwon kai ya dame shi, an ce babban asibiti bai ga komai a zuciya ba, sai Gambo ta ɗauki tsohon kwali da ta samu a ɗaki ta aika kemis aka sayo. Don tana son mijinta ta yi. Ta shigo ta same ni da shi a hannu, muka dubi juna, na sa shi a jakata na fita. A tsakar gida kuwa an riga an fara: ai tun da aka raba shi da maganinsa bai ƙara lafiya ba, ai boko in ya yi wa mace yawa haka yake. Kalma ɗaya za ta wanke ni, amma za ta kwantar da mace mai takaba da 'ya'ya bakwai a ƙarƙashin abin da ba za ta iya ɗauka ba. Na yi shiru. Gambo ba ta taɓa sa baki a zagina ba, ba ta kuma taɓa kare ni ba, kuma duk kaka sai ta aiko mini da gero da kuka har ta rasu bara. Ku 'ya'yanta kar ku ga laifinta. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ina gaya muku ko ba maganin ciwon yana iya dawowa, abin da zai tsare shi batirin nan ne kawai. Amma masu cewa rashin magani ne ya kashe shi, ƙarya suke yi, kuma sun yi ta ne don ta fi sauƙi a baki.

Da aka yi masa wanka, an kawo mini abin da aka samu a aljihun rigar da ya faɗi da ita: carbi, ɓarin goro, da baƙar takardar nan a cikin ledarta. Kwana goma sha biyu bayan na ce masa jahili a kanta, yana yawo da ita a ƙirjinsa har gona, don na ce masa ransa ne a ciki. Tana nan a ƙasan akwatina tare da kwalin maganin. In na mutu ku fito da su ku nuna wa yarinyar nan, jikarsa. Ku gaya mata in tana son ta ce ni na kashe kakanta, ta faɗa, amma ta faɗi daidai: ban gaya masa zafi ke cinye takardar ba, na zage shi a tasha, kuma ban je ba. Takardar kuwa ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba har yau, yadda na ce haka ya yi.